Mama Teray da Ƙuri'ar Kansila Onofre

Ranar da masu gyaran gawa suka dawo da Mang Bastiyan gida, matarsa Aling Sorsing ta leƙa gilashin akwatin ta ga wani mutum da ba ta sani ba. Sun lafta masa farar hoda, sun shafa masa ja a kumatu kamar 'yar tsana, sun kwantar masa da gashi baya gaba ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gonar rake, rana ta gasa shi har ya koma launin ƙasar da yake nomawa. Ita ba mai yawan magana ba ce. Ta koma kujerarta ta ci gaba da jan carbi, tana satar kallon akwatin tana kawar da kai.

Da hantsi sai ga Mama Teray, mai shagon gyaran gashin da ke tsallaken titi, ya shigo gaisuwa. Ya tsaya a kan akwatin, ya dafe ƙirji, ya juyo wajen matar da yake kira Nanay, wato Inna.

"Nanay, wa ya yi wa Mang Bastiyan wannan aika-aikar? Takarar sarauniyar kyau za shi?"

Bai jira amsa ba. Ya tsallaka titi ya dawo da akwatin kayansa, ya sa maza suka ɗaga gilashin, ya goge fuskar tas da auduga. Ya gauraya hoda a bayan hannunsa har ta yi kalar mutumin, ya tsaga masa gashi ta hagu, ya bar ɗan tsinin nan da kullum yake miƙewa a tsakiyar kai, wanda ita kanta ta gaji da danne masa shi da ruwa kowace Lahadi. Da aka mayar da gilashin, mijinta ne kwance. A lokacin ne ta samu ta yi kuka. Da ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ya miƙa mata kofinsa.

"Ƙara mini sikari, Nanay. Wannan kofin ya fi mu baƙin ciki."

Daga makon da aka gama zaman makoki ta fara wanke masa tawul ɗin shago. Ba wanda ya ce ta yi. Ta ga dai yadda yake shanya su a cukurkuɗe, ta kasa haƙuri.

Sunansa na baftisma Eleuterio Magpantay, amma ko fadan coci Teray yake ce masa. Bakla ne, namiji mai son maza, mai dogon gashi har gadon baya da gira zananniya da fensir, kuma duk garin Santa Rufina ba wanda ya taɓa tunanin ana iya ɓoye hakan, shi ma bai gwada ba. Ubansa maƙerin wuƙa ne. Ya yi iya yinsa ya zaunar da yaron a maƙera, yaron kuwa abu ɗaya ya koya da kyau, wasa bakin almakashi. Tsohon bai taɓa yi masa maganar halinsa ba har ya bar duniya, amma ranar da Teray ya buɗe shago, an wayi gari an ga almakashi sabo fil a bakin ƙofa, ƙirar gidansu. Da shi yake aski har yau. Da shi ya yi wa ƙannensa makaranta, ya yi jinyar uwarsu har ya binne ta. Wansa ne kawai, Kuya Ambo, bai taɓa saukowa ba. Duk Kirsimeti, bayan ya cika ciki da naman da Teray ya saya, sai ya nuna shi da cokali.

"Ranar da ka mutu, da hannuna zan aske gashin nan. In sa maka barong, farar rigar maza, ka je gaban Allah kamar namiji."

"To, Kuya," in ji Teray. "Amma ka aro almakashi mai kyau, don naka ko igiya ba ya yankawa."

Garin yana son Teray. Ba amaryar da ke fita sai ta biya ta hannunsa, ba bikin gari da ake yi ba shi ne a kan dandamali da makirufo yana sa mutane dariya har su riƙe ciki ba. Kuma duk shekara, idan Mako Mai Tsarki ya zo, shi ke sa wa Dolorosa kaya, wato mutum-mutumin Budurwa Maryamu mai baƙin ciki da ake zagaya gari da ita ranar Jumma'a, wadda mutanen garin ke kira Uwa. Saboda wannan son ne ya daɗe bai shiga siyasa ba. Yana cewa me zai nema, ai yana da komai.

Abin da ya shigar da shi maganar Lorna ce. Lorna ita ke girki a kantin abincin wata makarantar kuɗi, mace mai sanyin hali, wadda taliyar pansit ɗinta ta yi suna har malamai na ƙullewa su kai gida. Tana zaune da masoyiyarta Bik, direbar keken haya, mace mai gajeren aski da murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha, don aikinta ke nan. Kowa ya san zamansu, an kuma daɗe da sani. Sai aka yi sabuwar shugabar makaranta, wani ya kai mata labari, ta kira Lorna ta ce ta ajiye musu ludayinsu. Ba ta ce abincin ya yi gishiri ba. Ta ce iyaye za su yi magana.

Bik ta faɗo shagon Teray kamar za ta ɓalle ƙofa, Aling Sorsing na ninke tawul a kusurwa.

"Mun je ofishin magajin gari, an ce ba dokar da aka taka! Ka ji? Ba doka!"

"To a yi ta mana," in ji Teray, yana ci gaba da taje kan wata mata.

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta kama shi. Ya san a majalisar ƙasa an daɗe ana kai irin wannan ƙuduri yana kwana a kwamiti har gashin masu kai shi ya yi furfura. Ya kuma ji cewa wasu garuruwan sun daina jira, sun yi tasu dokar ta gari. Wata kansila da ke zuwa gyaran farce wurinsa ta yarda za ta gabatar. Ƙudurin bai da tsawo: kada a kori mutum daga aiki ko makaranta, kada a hana shi haya ko ciniki, don kawai wanda yake so. Sai kuma sashe na ƙarshe, wanda Bik ta dage a sa: mutum ya iya naɗa wanda ya ga dama ya yi magana a madadinsa a asibiti, ya kuma tsaya a kan jana'izarsa, ko da ba danginsa ba ne. Dangin Lorna ba sa gaisawa da Bik, kuma Lorna na da hawan jini. Aling Sorsing ta lura da wani abu da ba wanda ya lura: duk lokacin da aka karanto wannan sashe, Teray yakan kai hannu ya shafa gashinsa.

Karon farko shi ya ɓata abin da kansa. Ya ce a nuna musu yawa. Ya tara duk bakla na garin da na ƙauyukan kewaye, aka ɗinka riguna masu jan ƙasa, aka sa gashin tsuntsu, aka ɗauko masu ganga, aka nufi majalisa da tutoci masu launin bakan gizo. Gari ya fito ƙwai da kwarkwata. Mata na tafi, yara na bin su a guje, masu sayar da ƙanƙara suka yi ciniki. Kansiloli suka fito suna ɗaukar hoto da su. Magajin gari da kansa ya karɓi makirufo ya ce bai taɓa ganin ado irin wannan ba, ya ba wanda rigarsa ta fi kyau kyautar fanka. Daga nan aka shiga ciki aka tura ƙudurin kwamiti.

Teray ya dawo shago ya zauna a kujerar aski da fuka-fukansa, takalma a hannu.

"Nanay, kin gani? Sun zaci wasa muka kawo musu."

"Rigar taka ta yi kyau," in ji Aling Sorsing.

"Ita ce matsalar. Ko fankar ma ban ci ba."

Karo na biyu dabarar Bik ce. Ta ce tunda dariya suke so, a hana su. Duk shagunan gyaran gashi su rufe a makon bikin gari, a ga yadda matan manya za su fita da kai kamar tsintsiya. Aka rufe. Kwana na farko abin ya yi armashi, har aka ga matar ma'ajin gari ta ɗaura gyale a tsakiyar zafi. Amma a ranar Asabar da safe wata amarya ta zo ƙofar baya ta shagon Teray ta durƙusa tana kuka, uwarta na kuka, ƙawayenta na kuka. Aling Sorsing na shanya a bayan shago, ta ga ƙofar ta buɗe kaɗan, hannu ya fito ya ja amaryar ciki. Kafin azahar ta gano cewa kowane shago a garin yana da ƙofar baya, kuma kowace ƙofa ta buɗe.

"Kai ne shugaban yajin!" Bik ta yi masa tsawa. "Kai!"

"Yarinyar nan ni na yi mata askin fari, Bik. In bar ta ta shiga coci kamar an tsamo ta daga rijiya?"

"Zuciyarka kamar ayaba ta nuna. Da kai za a yi juyin juya hali?"

"Da ni za a yi masa kwalliya."

Bayan wannan ne ya daina hayaniya, ya koma abin da ya iya. Ya ce ya gane kansila ba a majalisa yake yanke shawara ba, a teburin cin abinci ake yanke masa. Matan kansiloli da uwayensu da surukansu duk a kujerarsa suke zama, kuma macen da aka shafa wa rini ba ta da inda za ta sai ya kama. Sai ya shafa, ya naɗe kan da leda, ya jawo kujera ya zauna a gabanta, yana kiranta Mare, wato ƙawa.

"Mare, kin tuna Lorna? Wadda ta yi pansit ranar baftismar ɗanki?"

Ba ya wa'azi, ba ya ambaton haƙƙi. Labari yake bayarwa, ya sa ta dariya, ya sa ta tausayi, ya tuna mata da ɗan ƙanwarta da kowa ya san yadda yake amma ba a faɗa. Idan ta ce, "Ai ni ba ruwana da siyasa," sai ya ce, "Ni ma, Mare. Bari mu ƙara wa rinin nan lokaci." Aling Sorsing ta ga matar da ta fita da gashi ya fi yadda ta nema duhu, amma mijinta ya sauya ra'ayi kafin Lahadi. Sauran masu shaguna suka ɗauki salon. Bik kuma ta riƙa yi wa fasinjojinta nata, sai dai ita da faɗa take yi, har wasu na sauka kafin su iso.

A haka aka ciro ƙudurin daga kwamiti, aka sa ranar ƙuri'a a zaman farko bayan Ista. Shi ne zama na ƙarshe kafin zaɓe, kuma kansilar da ta gabatar ba za ta sake tsayawa ba. In ya faɗi a nan, sai a koma farko da sababbin fuskoki. Majalisar ta rabu biyu daidai, saura mutum ɗaya bai faɗi inda yake ba: Kansila Onofre. Onofre gwauro ne, ba matar da za a shafa wa rini, kansa kuma sanƙo ne tas. Mutum ɗaya yake jin maganarta a duniya, uwarsa, Lola Panyang, wadda ba ta taɓa taka shagon gyaran gashi ba, da man kwakwa take gyara kanta tun kafin a haifi Teray. Amma Dolorosa tata ce. Gadon gidansu ce tun kakanni, a falonta take zaune duk shekara cikin akwatin gilashi.

Idon Bik ya yi haske. "Shi ke nan! Ka ce ba za ka sa mata kaya ba sai Onofre ya yi alkawari. Wa ya iya naɗa lulluɓin nan in ba kai ba? Su fita da ita a haka mu gani."

Aling Sorsing ta ajiye tawul ɗin da ke hannunta. Teray ya ga ta ajiye.

"A'a," ya ce. "Zan yi garkuwa da kan matar ma'aji, zan yi da na surukar magajin gari. Ban da Uwa. Ita ba ta kore ni daga ko'ina ba."

Ranar Litinin ta Mako Mai Tsarki da safe suka tafi gidan Lola Panyang, shi da Aling Sorsing, don ita ke goge kayan Uwa tun tana sabuwar shiga zumuntar matan coci. Onofre da kansa ya sauko da akwatin tufafin daga bene, yana haki. Aka fito da baƙin karan-miski mai zaren zinariya, da farin leshi, da zuciyar azurfa mai wuƙaƙe. Lola Panyang, 'yar ƙaramar tsohuwa a kujerar lilo, ta buga sandarta a ƙasa kamar yadda take yi kowace shekara.

"Za a tuɓe wa Uwa. Maza waje."

Namiji ba ya ganin Dolorosa ba kaya. Onofre ya sunkuyar da kai ya fita, aka ja labule, aka rufe ƙofa. Teray kuwa yana nan tsaye da fil a baki, kamar kowace shekara, ba wanda ya taɓa cewa ya fita. Suka cire mata kayan gida, ya rage kai da hannuwa masu kyau da jikin katako. Ya fara da rigar ciki, yana yi yana magana ta gefen baki.

"Lola, in tambaye ki mana. A ɗakin nan ba a lissafa ni cikin maza. A majalisa an ce ni namiji ne da ya karkace. Ranar bikin gari kuma ni abin dariya ne. Don Allah ku tsayar mini da ɗaya, in san kayan da zan riƙa sawa."

"Kai hannu ne," in ji tsohuwar. "Rufe baki kada ka haɗiye fil. Na san abin da ya kawo ka, gari duk ya ɗauka. Ni ba ni da rini."

"Ai na gani, Lola. Furfurarki ta fi ƙarfin kimiyya."

Ta yi tsaki, amma bakinta ya motsa. Aka ci gaba da aiki. Can ta ce a gaya wa Lorna ta zo da wuri ranar Jumma'a, don masu tura keken Uwa sun ƙaru bana, kuma ba sa cin pansit ɗin kowa sai nata.

"Bana dai za ta zo," in ji Teray. "Baɗi sai ki nemi wata. Tana neman takardun fita, aikatau za ta ƙasar waje. Tun da makarantar nan ta sallame ta, duk inda ta je sai a ce an ji labari."

"Wane labari? Wa bai sani ba? Ni da na riƙe ta ranar baftisma ban sani ba?"

"To, sanin ne yanzu ya zama dalili."

Lola Panyang ta tsayar da lilon. Ta juya wajen Aling Sorsing, wadda ke durƙushe tana daidaita bakin siket. Ta san ta: ba ta fashin sallar asuba a coci, ba ta gulma, ba ta neman kujerar gaba.

"Ke Sorsing. Kina jin su kullum. Zunubi ne ko ba zunubi ba?"

Aling Sorsing ta ɗago kai. Ta dubi fuskar Uwa, da hawayen gilashin da ke kumatunta.

"Lola, ni karatuna bai yi nisa ba. Wannan fada ne zai faɗa. Abin da na karanta a takardar dai, ba a ce kowa ya daina kiran abu zunubi ba. Cewa aka yi kada a hana mutum abinci." Ta gyara bakin siket ɗin. "In da ana korar mutum daga aiki saboda wanda yake kwana wurinsa, ai da majalisar ba ta cika ba."

Teray ya tofar da fil ɗin a tafin hannunsa don kada ya shaƙe. Lola Panyang ta yi dariyar da ta koma tari, har sai da aka ba ta ruwa. Da ta lafa sai ta ce a karanto mata abin. Teray ya haddace shi, ya zayyano mata yana naɗa lulluɓi. Aiki, ta gyaɗa kai. Makaranta, ta gyaɗa. Haya da ciniki, ta ce wannan ai ko kare ba a yi wa. Da ya zo sashen asibiti da jana'iza, ta ɗaga sanda.

"Tsaya nan. Wannan aure ne ya biyo ta ƙofar baya. Gawa ta dangi ce. A cire shi, in ba ka Onofre. A bar shi, ko ni ba zan iya ba, fada zai ci ni ɗanya."

Hannun Teray ya tsaya a kan lulluɓin. Aling Sorsing ta ga ɗayan hannun ya tashi zai tafi gashinsa, ya fasa. Ya soka fil na ƙarshe, ya ja baya ya dubi aikinsa.

"A cire," ya ce.

Tsohuwar ta buga sanda. "Onofre! Uwa ta shirya, shigo. Ka zo da kunnenka."

Bik ba ta yi masa magana ba har aka yi Ista. Ranar ƙuri'a dai ta zo ta tsaya da kekenta a ƙofar shago tana kallon wani wajen.

"Hau, maci amana."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Sashena ka sayar."

"Na sayar, Bik. Nawa ne ni ma. In mun riƙe shi mu tashi ba komai, Lorna ta tafi wanke banɗakin wasu. Mu karɓi wannan, mu dawo neman sauran."

"Yaushe?"

"Onofre ba zai dawwama ba. Lola ce ban da tabbas."

Wannan karon ba ganga, ba gashin tsuntsu. Teray ya ce kowa ya sa farar riga, kuma kowa ya zo da uwarsa, ko gwaggo, ko kaka, a zaunar da su a layin gaba. Haka aka yi. Tsofaffi suka cika benci da mafici da jakunkunan kasuwa, kowacce kusa da nata. A ɗaya gefen matan zumunta ne cikin fararen kayansu na coci, sun zo nuna rashin yarda, kuma sun ajiye wa Aling Sorsing wuri. Ta shigo da irin kayansu, da lambarta a ƙirji, da carbi a hannu. Ta ga shugabar zumunta na yafito ta. Ta kuma ga Teray a bakin benci, gashi a ɗaure, fuska ba kwalliya, gefensa ba kowa, don uwarsa na maƙabarta. Ta gaishe da matan zumunta da kai, cikin ladabi, ta je ta zauna a gefensa.

"Nanay, za su cire ki daga masu goge kaya," ya raɗa mata.

"Ba wadda ta iya guga a cikinsu."

Aka yi jawabai masu tsawo. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, Kansila Onofre ya dubi silin kamar yana neman inda yake yoyo, ya ɗaga nasa zuwa kunne, kamar mai susa. Lola Panyang ba ta zo ba, amma ta aiko da sandarta a hannun mai aikinta, an jingine ta a inda zai gani. Hannun ya ƙarasa sama. Doka ta wuce. Uwar wani ta fashe da kuka, Bik ta yi ihun da sai da aka buga guduma. Bayan 'yan makonni wani gidan abinci kusa da kasuwa ya ɗauki Lorna, mai gidan yana cewa shi dama bai taɓa jin wani labari ba. Takardun fita suna nan a ƙarƙashin katifa, ba a sake maganarsu ba. Shugabar zumunta ta yi wata guda tana amsa gaisuwar Aling Sorsing da hanci, har ranar da mayafin bagaden coci ya buƙaci guga.

Wata ranar Talata da rana, shago ba kowa, ruwan sama na zuba, Aling Sorsing na ninke tawul. Teray ya zauna a gaban madubi ya goge girarsa tas, ya juyo da kujera. Ba ta taɓa ganinsa haka kusa ba. Ya tsufa fiye da yadda take zato.

"Nanay, zo. Kin san sashen da na bayar."

"Na sani."

"To doka ta tsaya a bakin akwati. Daga nan Kuya Ambo ne gwamnati." Ya yi dariya kaɗan. "Amma Kuya na tsoron mata masu carbi. In na riga ki, ki riga shi zuwa. Ki zauna a kaina kamar yadda kika zauna a majalisa. Barong ɗin ya sa, ban damu ba, fari yana karɓata. Gashina dai kada a taɓa. Kuma kada ki bar mutanen nan su yi mini abin da suka yi wa Mang Bastiyan."

"Teray, na girme ka nesa ba kusa ba."

"Ke? Ba kya cin kitse, ba kya gulma, ba kya soyayya. Sai kin binne mu duka." Ya ɗauko fensirin gira ya danƙa mata a hannu, ya rufe ido, ya ɗaga haɓa. "Ta hagu ta fi ta dama tashi kaɗan, kamar ina mamakin abin da aka faɗa mini. Haka nake so in isa can. Gwada mu gani, Nanay, tun ina iya gyara miki."